Yadda Na Shuri Surukina a Katsina

Tun da na dawo ba ni da sakat a fadarmu ta shan shayi. Kowa ya ɗauki kofin shayi sai ya juyo gare ni: "Lawali, wai da gaske ne?" Na ba Hamisu labarin, ya kai wa Ila da ƙari, Ila ya kai kasuwa, har shekaranjiya wata tsohuwa mai daddawa ta tare ni ta ce ashe ni ne na karya wa surukina wuya. Wuyansa lafiya lau. To ga yadda abin ya faru, na rubuta shi gaba ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa in sha shayina cikin kwanciyar hankali.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyarwa a lakol a nan Gidan Rumji, da marece kuma ina taykwando, wasan faɗan nan na mutanen Koriya da ƙafa ta fi hannu aiki a cikinsa. Metir Sale ne, malaminmu na wasan, ya kafa mana kulob a filin lakol, ni ina taya shi da yara. Bana aka maida shi aiki can gabas. Ko sati bai yi da tafiya ba darakta ya kira ni buro, ya ce ba zai bar yaran mutane suna shurin juna a filinsa ba sai a hannun wanda ya cancanta, ni kuwa baƙar ɗamarata ta matakin farko ce. In na samo mataki na biyu kafin a koma lakol, fili nawa ne. In ban samo ba, a rufe. Jarrabawar a Maradi za a yi ta ƙarshen bakans, wato babban hutu, kuma ba a shigarta haka kawai. Sai wani babban metir ya gwada ka, ya yarda da kai, ya tsaya gaban alƙalai ya ce wannan nawa ne.

Na yi ta neman wanda zai tsaya mini. Duk wanda na kira a salula amsa ɗaya yake ba ni: "Kai da kake da Ajidan na Gazawa?" Baba Ajidan tsohon soja ne, ya yi wasan nan tun ba a haife ni ba. Shi ne kuma mahaifin matata Rabi.

Kun san yadda muke da surukai. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin zaure, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Da za a ce in nuna fuskarsa cikin taro zan yi inda-inda, amma ƙafafunsa na san su sarai, har da babban yatsan hagu mai fasasshen farce. Wannan mutumin ne zan je in ɗaga wa ƙafa.

Rabi tana haɗa mini kaya tana dariya har da hawaye. Ta ƙulla kuka da daddawa na Inna, mahaifiyarta, ta ninke mini fararen kayan wasa, waɗanda muke kira kimono.

"Ka gaida Baba," ta ce. "Kuma ka ci ka ƙoshi tun nan, don na san can azumi za ka yi."

Na ce mata ba abin dariya ba ne. Ta ce ta sani, shi ya sa yake ba ta dariya.

A tasha na tarar da hiyas saura mutum biyu ta cika, in ji kamasho. Mutum biyun nan har rana ta take ba su zo ba. Na sauka na hau, na sauka na hau, har direba ya tambaye ni ko gudawa nake. Da muka kama hanya, Tibiri ta wuce ban ma lura ba, don ina bitar pumse a kaina, wato jerin motsin nan da ake haddacewa kamar karatu. Ashe ƙafata ma tana bitar. Wani dattijo da ke kujerar gabana ya waiwayo ya ce, "Samari, in wani abu na yi maka ka hwaɗi, ka bar dukan bayana."

A Maradi na canza mota. Nan aka matse ni da wata hajiya mai galan na man gyaɗa, ta ce in ɗan riƙe mata a kan jakata. Murfin bai ɗauru ba. Sai da muka wuce Cadawa, taya ta yi faci, muka sauka, sannan na ga man ya ratsa jaka ya zana wa kimonona taswira a baya. Hajiyar ta duba ta ce, "Ai albarka ce, mai ne." Ko haƙuri ba ta ba ni ba, amma da muka isa Agye ta sayi aya ta cika mini aljihu, muka rabu muna abokai. Damina ta yi kyau ta wajen nan, hatsi ya fi mutum tsawo, sai dai ni ban ga kyansa ba. Hankalina duk yana Gazawa.

Na isa Gazawa bayan la'asar. Baba yana zaure. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka gaisa doguwar gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi "yarinyar nan", don Rabi ce ta fari ba ya kama sunanta. Ni ma Malam yake ce mini. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon tabarma.

"Na ji," ya ce. "Gobe bayan asuba."

Inna ta sauke ni a ɗakin da ke jikin zaure, ni da buhunan aya. Ɗakin ba laifi, matsalarsa ɗaya: ƙofar ba labule, kuma daidai bakinta Baba yake shimfiɗa tabarmarsa. A kawo mini tuwon hatsi da miyar kuka, man shanu yana narkewa a kai, in zauna ina kallonsa, tuwon yana kallona. In Baba ya tashi masallaci in yi ƴan loma cikin sauri kamar ɓarawo. Mai rogo da ƙuli na bakin tasha shi ya riƙe raina a garin nan, Allah ya saka masa.

Filin da Baba yake horo masussuka ce a bayan gari, ƙasa mai tauri. Ya fito cikin kimono, ɗamararsa ta tsufa har baƙin ya koma toka. Gaisuwar Koriyawa a tsaye ake yin ta, ka haɗa ƙafa ka ɗan sunkuya. Na yi ta sau ba adadi a rayuwata. Ranar nan ya tsaya gabana ya ba da umarni, sai kawai na tsinci kaina a durƙushe, gwiwoyina sun yanke hukunci ba su shawarce ni ba.

"Tashi," ya ce. "Nan ba zaure ba ne."

Pumse bai sami abin gyara da yawa ba. Katako na fasa shi. In ya riƙe matashin duka, ina shurinsa har ƙura ta tashi. Amma akwai ihun da ake yi lokacin kai hari, daga ciki yake fitowa. Nawa a gaban Baba sai ya fito kamar tarin akuya. Da ya aje matashin ya gyara tsayuwa ya ce in zo mu kara, nan komai ya lalace. Ƙafata ta tashi lafiya, tana kaiwa daidai ɗamararsa sai ta tsaya, ta dawo da kanta. Shi kuwa ba ya tsayawa. Ya taɓa ni a ƙirji, ya taɓa ni a kafaɗa, ban ma ga tahowarsu ba, don idona yana ƙasa.

"Malam, mi ka yar da kake nema?"

"Ba komi, Baba."

"To dubo ni."

Na ɗago har zuwa wuyan rigarsa. Iyakata ke nan.

Haka muka yi ta yi, safe da marece. Na gwada dabaru iri-iri. Na ce wa raina wannan Metir Sale ne, raina ya ce ƙarya kake, ga fasasshen farce nan. Na gwada rufe ido, na shuri iska na faɗi. Wata safiya muna dawowa Inna ta jiyo Baba yana mini faɗa, ta ɗago murya daga bayan zana: "Ajidan, ka bar ɗan mutane hakanan, tarbiyya gare shi." Ya ce tarbiyya ba ta tare duka. Sannan ya juyo ya faɗa mini magana a fili: "Ban kai mutum gaban alƙalai shina kallon ƙasa. Ko ka dube ni ka shure ni, ko ka koma gida ka hwaɗa ma darakta ya ruhe."

Ranar har rogon ban iya ci ba. Na kira Rabi, ta ce yaran kulob, maza da mata, kullum marece sai sun je sun share filin sun zauna, kuma duk wanda ya gan ta sai ya tambayi yaushe Metir Lawali zai dawo. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Na zagaye garin Gazawa a ƙafa ban san inda nake zuwa ba. Haushi nake ji ƙwarai, haushin Baba, haushin darakta, haushin Koriyawan da suka ƙirƙiro abin, ga kwanaki suna ƙarewa.

Saura kaɗan jarrabawa Baba ya ce in shirya, za mu Katsina. Kaskensa, wato hular kare kai, ya fashe, yana son sabo da rigunan kare ƙirji, kuma yana da tsohon aboki can da suka daɗe ba su gana ba. Na ce a raina, lokaci yana ƙurewa shi kuma ziyara ce a gabansa. A fili na ce to.

Ta Gangara muka bi zuwa Ɗankama. Ruwa ya ɓata hanya, mota ta ce iyakarta nan, sai kabu-kabu. Babur ɗaya ya rage a wurin. Baba ya hau bayan mai babur, ni na hau bayan Baba. Yanzu ku gaya mini, ina zan riƙe? Kugun surukina? Na maida hannu baya na kama ƙarfen kaya, na ja jikina don kada ko rigarmu ta haɗu. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a haka, sai babur ya faɗa wani rami ya yi tsalle. Su suka yi gaba, ni na zauna daram cikin taɓo. Mai babur ya dawo yana cewa, "Kai kuwa ka kama tsohon mana, cizo shikai?" Baba ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

A kan iyaka wani ma'aikaci ya duba takardunmu, ya buɗe jaka, ya zaro baƙaƙen ɗamaru biyu ya ɗaga sama.

"Ku ƴan dambe ne?"

Baba ya yi masa bayani. Mutumin ya dube ni, taɓo har kunne, ya ce da alama ni aka kayar. Sannan ya tambayi me nake a wurin dattijon. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Baba ya ce, "Ɗalibina ne." Aka ce mu wuce.

Ƙetaren iyaka Hausar ɗaya ce, amma sai ka riƙa tuntuɓe. Gudron ya koma kwalta, lakol ta koma makaranta, buro ofis. Kowa yallaɓai ne, har ni da taɓona. Suna magana da sauri kamar ana binsu, kuma da jin bakina suka gane daga inda na fito, wani mai shayi har ya roƙe ni in sake cewa "lakol" abokinsa ya ji.

Abokin Baba, Koci Mamman, su haka suke kiran metir, wani gajere ne mai faɗin ƙirji da babbar murya. Suka rungume juna suna tsokana, kowa yana cewa shi ya kayar da ɗan'uwansa a zamanin samartaka. Baba ya nuna ni ya ce ɗalibinsa ne, bai ƙara komai ba. Saboda haka Koci ya sauke mu ɗaki ɗaya, katifa biyu gefe da gefe. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe a faranti ɗaya, mu uku. Na wanke hannu na zauna da shi a sama yana ɗiga.

"Mutanen Nijar ba ku cin shinkafa ne?" in ji Koci. "Sa hannu mana!"

Baba bai dube ni ba. Ya sa yatsa ya turo tsokar nama gefena ya ci gaba da hirarsa. Na ci, amma kada ku tambaye ni ɗanɗanon miyar.

Washegari muka sayo kayan a kasuwa, da la'asar muka je ɗakin horon Koci. Su ba a kan ƙasa suke yi ba kamar mu, shimfiɗar roba gare su mai laushi, har ƙafata tana jin baƙunta. Ɗalibansa suna sunkuya wa ƙofa kafin su shiga, ko ba kowa ciki. Kome za su karɓa da hannu biyu suke karɓa, wannan kam ya yi kama da gida. Koci ya tara su ya yi ta yabon Baba, ya ce yau za su ga yadda ake wasa a Nijar. Baba ya sa sabon kaske ya ce bari ya gwada ko ya yi masa daidai. Ya miƙo mini wani kasken.

Muka gaisa a tsaye, wannan karon gwiwoyina sun ji magana. Aka ba da umarni. Abin da ya faru a masussuka shi ya sake faruwa. Ƙafata ta je ta tsaya, ta je ta tsaya. Baba ya taɓa ni a ƙirji, na ja baya. Ɗakin ya fara ƙus-ƙus. Sai wani daga cikin manyan ɗaliban ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji:

"Ai tausayin tsohon yake ji."

Koci kuma, da kyakkyawar niyya, ya ɗora: "Haka ne, bi shi a hankali, shekaru sun ja."

Ƙafafun Baba suka tsaya cik. Na ga yatsun sun damƙe robar. A nan abin ya faɗo mini. A Gazawa kowa ya san dalilin da ya sa ƙafata take tsayawa, har yabona ake yi. A ɗakin nan ba wanda ya sani. Abin da suke gani shi ne tsoho ya ƙare, har ɗalibinsa yana lallaɓa shi kada ya karye. A gaban abokin da suka yi zamani tare, a gaban yara, ni da kunyata muke tozarta shi.

Na ɗago kai.

Girarsa ta yi fari. Akwai ɗan tabo a gefen hancinsa da ban taɓa sanin da shi ba. Idanunsa irin na Rabi ne sak, lokacin da ranta ya ɓaci. Ihun ya fito da kansa, har ni sai da na razana. Baba ya taho da gaske, na kauce, na juya, dugadugina ya sami kasken a gefe. Ƙarar ta cika ɗakin. Ya tafi taga-taga ya sauka a kan gwiwa ɗaya.

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara sulalewa zan durƙusa, ya daka mini tsawa irin ta bariki: "Tsaya nan!" Ya miƙe, ya gyara kaske, ya ce a ci gaba. Kafin a tsayar da mu ya ba ni wata a haƙarƙari wadda har yau in na yi dariya sai na tuna da shi. Ba wanda ya sake maganar shekaru.

Koci ya zo yana tafi yana cewa wannan ɗalibi naka ashe ba imani gare shi ba. Baba yana kwance igiyar kaske, yana haki, ya ce, "Mijin ɗiyata ne."

Koci ya yi salati ya dafe kai. "Surukinka? Na haɗa ku ɗaki ɗaya? Faranti ɗaya? Ajidan, ka cuce ni!" Daren nan a ɗakin ɗan Koci na kwana, aka kawo mini abinci ni kaɗai, na cinye har da suɗe kwano.

Ban sani ba ko Baba ya shirya abin nan tun daga Gazawa, ko haka Allah ya kawo shi. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. A hanyar dawowa dai babur biyu ya nema.

Jarrabawar Maradi ba zan tsawaita ba. Ya saka kimononsa ya tsaya gaban alƙalai ya ce wannan nawa ne. Na yi kuskure ɗaya a pumse, katako ya fashe, karawa kuma da wani ɗan Tasawa aka haɗa ni, wanda ba na auren kowa nasa. Na samu. Darakta ya ga takarda, filin lakol yana buɗe, masu yara ku turo su.

A tashar Maradi muka rabu, shi zai yi gabas ni yamma. Na kai masa jaka mota, sannan na tuɓe takalmi na durƙusa a nan cikin mutane, kaina a ƙasa, na yi masa godiya. Bai ce in tashi ba. Har na zaci ya shiga mota, sai na ji muryarsa.

"Ka ci gaba da durƙusonka, Malam," ya ce. "Haka muka taras, ban hana ka ba. Amma in ka zo gaisuwa ka riƙa ɗago kai ko sau guda. Shekarun nan duka in ka tashi ka tahi, sai in zamna ina tunani, yaron nan kunyata shika ji, ko ko bai so na."

Maganar ta soke ni har ƙwalla ta taru mini. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana wannan tunanin ba, mutumin da nake ganin girmansa fiye da kowa bayan mahaifina. Na ɗago kai don ya gani da idonsa.

Shi kuma ya sunkuyar da nasa, yana ta gyaran maɗaurin jakar da ba abin da ya same shi.